Zaman Baho

Wata bakwai ban hau amalankena ba.
A ƙasa nake tafiya, kafaɗa da kafaɗa da shanu,
duk Lahadi har kasuwar Gujungu.
Mutane na cewa, "Iliya akwai tausayin dabba."
Ba tausayi ba ne. Zaman ne ya gagara.

Da asuba bayan gida ya zame mini mahauta.
Kamar fasasshiyar kwalba ce ke neman hanya
ta ƙofar da ba a ambata a gaban surukai.
Ɗigon jini ja wur,
sannan raɗaɗin ya shimfiɗa tabarmarsa,
har hantsi bai yi sallama ba.
Sai na fara ƙin zuwa. Na rage tuwo, na rage ruwa.
Abin ya daɗa tauri, ni na daɗa tsoro,
ina gudun rami, ina haƙa shi da hannuna.

Mai lasifika a kasuwa ya ce basir ne.
Na sayi gora uku na baƙin jiƙo
da kuɗin kwandon barkono.
Kwana huɗu ina zawo. Wurin ya ƙara buɗewa.

Tabawa ce ta gane,
daga yadda nake zama a karkace
kamar tukunya a kan murhu mai dutse biyu.
Ba ta tambaya ba.
Kuɗin mota na tarar a cikin hulata.

A asibitin Taura, Malam Sha'aibu ya sa safar hannu,
ni na juya fuska ga bango ina ƙirga tsagogin siminti.
Ya ce, "Ba basir ba ne, Baba. Tsaga ce,
irin fason diddige, sai dai wurin da ta zaɓa.
Naman ya ɗaure don zafi, jini ba ya isa,
shi ya hana ta haɗewa."
Na ce, "Wuƙa ke nan?"
Ya ce, "Wuƙa tana can ƙarshen layi.
Akwai masu jira a gabanta."

Ya ba ni man shafawa, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake,
safe da dare, mako takwas, ko da na ji sauƙi.
"Zai iya sa maka ciwon kai. In ya tsananta ka dawo."
Ya sa kuwa. Kwana uku kaina na kiɗan kalangu.
Da wani ruwa mai zaƙi, mai tausasa abin da ya taurare.
"Kada ka yi yunƙuri, kada ka daɗe a tsugune.
In duk wannan bai yi ba, akwai allura a babban asibiti
mai sassauta ɗaurin."

Sauran maganin a madafar Tabawa yake:
miyar kuɓewa, kwaɗon zogale, rama da ƙuliƙuli,
gwandar bayan ɗaki da na saba bar wa tsuntsaye,
da moɗa bayan moɗa daga randa.

Sai bahon.
Shuɗin bahon da ake wa jikata wanka,
ruwan ɗumi, ba mai ƙuna ba,
ni da furfurata a ciki, gwiwoyi a sama,
ina kallon taurari ta saman zana.
Yarinyar ta ce, "Wa ke taɓa mini baho?"
Tabawa ta ce, "Wani babban jariri ne."

Mako na uku na kusa bari.
Na biyar, jinin ya ɗauke.
Wata safiya na fito, na tsaya riƙe da buta,
ina jiran baƙon nan mai tabarma.
Bai zo ba.

Yanzu na ninka buhu na hau amalanke.
An ce Iliya ya daina tausayi.

Jiya a tashar rake na ga Ɗanlami,
an matsa masa a benci, ya ce ya fi son tsayuwa.
Na dubi yadda ya dafa bango.
Na bari mutane suka watse,
na ce, "Raka ni, mu ɗan taka."